Hendon ko Duxford: ina za ka kai kyamararka idan rana ɗaya gare ka?

Wani ƙanena da ya zo Ingila karatu ya kira ni da daddare, ya ce, "Yaya, Asabar ɗaya ce ta rage mini kafin jarrabawa ta taso, ga shi na sayi kyamara. Ina son in ga jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da idona. Hendon zan je ko Duxford?" Na ce masa wannan magana ta fi ƙarfin waya, ya bari in zauna in rubuta masa. Abin da na rubuta masa ke nan na faɗaɗa, don na san ba shi kaɗai ne ke da wannan tambaya ba. Duka wuraren biyu na taka su ba sau ɗaya ba, da rani da hunturu, kuma ina ƙaunar kowanne. Amma rana ɗaya ba ta ɗaukar biyu, dole a zaɓa.

Babban bambancin shi ne filin jirgi. A Hendon filin ya mutu tun da daɗewa, an gina unguwa a kansa, jiragen suna tsaye cikin rumfuna, babu wanda zai sake tashi. A Duxford filin na nan da ransa, ana gyaran jirage ana tayar da su. Duk sauran abubuwan da zan faɗa, na kuɗi da na haske da na gajiya, daga wannan suka samo tushe.

Bari in fara da Hendon, tunda shi ne a bakin ƙofa. Gidan tarihin sojan saman Birtaniya ne, RAF Museum, a arewa maso yammacin Landan. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Northern, reshen da ke zuwa Edgware, ka sauka a Colindale, ka taka kamar minti goma zuwa sha biyar, ka iso. Shiga kyauta ne, sai dai wanda ya zo da mota zai biya kuɗin ajiye ta. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi a Nuwamban 1972, aka kuma yi masa babban gyara a 2018, shekarar da RAF ta cika 100. Rumfuna shida ne, kusa da juna, ko dattijo mai sanda zai zagaya su ba tare da ya galabaita ba.

Wanda ya shiga rumfar jiragen ruwan bama-bamai karon farko, abin da zai fara tsayar da shi Lancaster ne mai lamba R5868, wanda ake kira S-Sugar. Faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike mita 31, injin Merlin huɗu, cikinsa baƙi kamar gindin tukunya don kada fitilun ƙasa su gano shi da dare. A gefen hancinsa an jera zanen ƙananan bama-bamai sahu-sahu, kowanne fita farmaki ɗaya ne, har 137. A ƙarƙashinsu ma'aikatan jirgin sun rubuta alfaharin da Hermann Göring, shugaban sojan saman Jamus, ya yi, cewa babu jirgin abokan gaba da zai ratsa sararin Jamus. Na daɗe tsaye a wurin ina bin zanen da ido ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai ke shiga irin wannan jirgi, yawancinsu samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya, kuma cikin mutanen rundunar bama-bamai ta Birtaniya 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. A ƙasa kuma, garuruwan da aka zubar wa waɗannan bama-bamai akwai mata da yara a ciki. Kyamara tana hannuna amma sai da na ɗau lokaci kafin na ɗaga ta.

Can gefe akwai wani jirgin da nake ganin shi ne zuciyar Hendon gaba ɗaya. Halifax ne mai lamba W1048. A watan Afrilun 1942 ya tafi Norway kai farmaki kan Tirpitz, katafaren jirgin ruwan yaƙin Jamus, aka harbe shi ya kama wuta, matuƙin ya sauke shi bisa tafkin Hoklingen da ya daskare. Mutanen ciki duka suka tsira, ƙanƙara ta narke jirgin ya nutse. Shekara 31 ya yi a ƙarƙashin ruwa, sai 1973 aka ciro shi. Masu gidan suka bar shi yadda yake. Yana kwance rub da ciki, babu ƙafafu, jikinsa ja-ja na tsatsa da maganin hana ruɓewa, fatar ƙarfen ta yayyage har kana hango haƙarƙarinsa. Duk jiragen da ke sheƙi a rumfar babu wanda ya yi mini magana kamar wannan.

Jiragen ɗaya ɓangaren ma, wato na Jamus da Italiya, Hendon ya fi tara su. Akwai Junkers 87, wato Stuka, mai lanƙwasasshen fiffike da ke yin tsinke daga sama, kuma cikakkun irinsa biyu kacal suka rage a duniya, ɗayan yana Chicago. Akwai Heinkel 111 mai hancin gilashi, da Messerschmitt 109 da 110, da Fiat CR.42 na Italiya mai fiffike hawa biyu wanda ya yi saukar dole a gaɓar Suffolk a Nuwamban 1940. Akwai kuma Hawker Typhoon na Birtaniya, wanda shi kaɗai ne cikakke da ya saura. Wanda burinsa ya tara hotunan irin jiragen da ba a samu ko'ina, nan ne gidansa. Sai dai a sani, wannan gidan tarihi yana da ɗan'uwa a Cosford, can tsakiyar Ingila, kuma ana yawan kai jirage daga nan zuwa can. Idan wani jirgi takamaimai ne ya fito da kai daga gida, ka duba shafinsu na intanet kafin ka kama hanya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda yawancin mutanenmu ke wucewa ba su sani ba. A ɗaya daga cikin rumfunan akwai wani jirgi na katako da yadi da wayoyi, DH.9A mai lamba F1010. Irin wannan jirgi ne guda uku suka taso daga Helwan ta Masar a ƙarshen Oktoban 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy ta Chadi da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Da su aka fara ganin jirgin sama a ƙasarmu. Wannan na Hendon ba ya cikin ukun, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma nasa labarin ma abin ji ne. Nizam na Hyderabad, basaraken Musulmi a Indiya, shi ya biya kuɗinsa, sunansa na rubuce a jiki. Jamusawa suka kama shi a Oktoban 1918, aka ajiye shi a gidan tarihi a Berlin, yaƙi na biyu ya kora shi Poland, sai 1977 aka yi musayarsa da jirgin yaƙi ƙirar Spitfire ya dawo Ingila. Ka tsaya gabansa ka dubi kujerun nan biyu da babu rufi, ka tuna nisan Alƙahira zuwa Kano, da zafi da ƙura, ka kuma tuna taron Kanawa da suka ga abu irin wannan yana saukowa daga sama. Duk Bakano ko Babarbaren da ya je Hendon bai ɗauki hoton wannan jirgi ba, to ya bar babban abu a baya.

To amma ɗaukar hoto a Hendon aiki ne. Tsofaffin rumfunan ba su da yalwar haske, musamman ta bama-bamai, kuma jiragen a cunkushe suke, fiffiken wannan ya shiga ƙarƙashin na wancan. Da wuya ka samu jirgi guda ya fito shi kaɗai daga hanci zuwa wutsiya ba tare da ginshiƙi ko allon bayani ko wutsiyar maƙwabci ta shigo ba. Fitilun ma launinsu ba ɗaya ba ne, wani wuri rawaya, wani wuri fari, sai hoton ya fito rabi kamar da hantsi rabi kamar da magariba. Filasha ba ta da amfani a nan. Ƙarfinta ba ya kai tsawon Lancaster, sai ta haske maka mita uku na gaba ta bar sauran cikin duhu, ta kuma bar farin tabo a jikin fenti.

Abin da ke aiki shi ne gilashin kyamara mai faɗin gani, daga milimita 16 zuwa 24, ka buɗe bakinsa sosai, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba. Hoton da ya ɗan yi yashi-yashi ya fi wanda rawar hannu ta ɓata, domin na farko ana gyara shi a kwamfuta, na biyu sai shara. Ka jingina kafaɗa da ginshiƙi, ka matse gwiwar hannu a ƙirji, ka riƙe numfashi sannan ka danna. Sandar kyamara mai ƙafa uku kuwa, ka tambayi ma'aikata kafin ka kafa ta. Idan kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyara launinsa daga baya, ka yi amfani da shi, saboda matsalar launin fitilu. Mafi muhimmanci, ka haƙura da neman cikakken jirgi, ka matsa kusa. Layin ƙusoshin da ke bin fiffike, bakin bututun hayaƙi da zafi ya ƙona, zanen bama-baman S-Sugar, ramin da ke gefen Halifax inda haske ke ratsawa, nan ne hotunan Hendon masu kyau suke. Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne wayar hannu ta zamani tana yin ƙoƙari ƙwarai a irin wannan wuri, domin jirgin ba ya motsi, ita kuma tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya mai haske. Mai waya kaɗai ba zai yi asara a Hendon ba. Ka isa da ƙarfe goma daidai lokacin buɗewa, ka wuce kai tsaye rumfar bama-bamai kafin 'yan makaranta su cika ta, sauran ka bi su daga baya.

Duxford kuwa sai an yi niyya. Yana kudu da Cambridge, kimanin mil 50 daga Landan, daidai mahaɗa ta 10 a babbar hanyar M11. Mai mota ya huta. Marar mota zai hau jirgin ƙasa daga Liverpool Street zuwa Whittlesford Parkway, ko daga King's Cross zuwa Royston ko Cambridge, sannan ya nemi tasi. Ka tsara yadda za ka dawo tun kafin ka tafi, domin ƙauye ne, ba a tsayawa bakin titi a ɗaga hannu. Kuɗin shigar babba yana kusa da fam 30. Ka haɗa da tikitin jirgin ƙasa da tasi zuwa da dawowa, za ka ga ranar ta ci abin da ɗalibi zai ji a jikinsa. Ban ɓoye wa ƙanena wannan ba.

Abin da kake saye da wannan kuɗi shi ne filin kansa. Tun 1918 jirage ke tashi a nan. Runduna ta 19 da ke zaune a Duxford ita ce ta fara karɓar Spitfire a duk RAF, a watan Agustan 1938. Daga nan Douglas Bader, matuƙin da ba shi da ƙafafu, ya riƙa jagorantar tarin jirage a 1940. A 1943 Amurkawa suka karɓi filin da jiragensu na Thunderbolt, daga baya Mustang. RAF ta bar wurin a 1961, yanzu yana hannun Imperial War Museum. Rumfunan da aka gina tun yaƙi na ɗaya suna nan da rufinsu na katako, ɗakin da ake bin motsin jirage a kan tebur a 1940 yana nan, hasumiyar kula da tashi da sauka tana aiki har gobe.

Farkon abin da za ka lura da shi a rumfunan jirage masu tashi shi ne wari. Warin baƙin mai da fetur da ƙarfe mai ɗumi, irin na garejin makanikai. A ƙarƙashin kowane inji an ajiye faranti yana tarar ɗigon mai. Na taɓa tsayawa bayan igiya ina kallon wani dattijo cikin rigar aiki, an cire murfin injin wani Spitfire, ya zura hannu har kafaɗa, ɗan ƙaramin madubi a ɗaya hannun yana leƙen bayan bututu. Kusan rabin awa bai ɗago kai ba. Da la'asar ɗin ranar aka turo jirgi waje, farfela ta juya a hankali sau biyu, ya yi tari, farin hayaƙi ya fita, sannan injin Merlin mai silinda 12 ya kama. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har cikin ƙirji kake jin ta, ciyawar bayansa ta kwanta. Wannan ne Hendon ba zai taɓa ba ka ba, ko da ka kwana a ciki.

Cikin masu tashin akwai Spitfire N3200. Na runduna ta 19 ne, na Duxford ɗin kansa. Ranar 26 ga Mayun 1940, lokacin kwashe sojoji daga Dunkirk, aka harbo shi, matuƙinsa Geoffrey Stephenson ya sauke shi a bakin teku a Sangatte ta Faransa, aka kama shi fursuna. Yashi ya haɗiye jirgin, sai 1986 ya sake bayyana. Aka dawo da ragowarsa, aka sake gina shi a Duxford, ya tashi a 2014, shekara 74 bayan faɗuwarsa. Akwai Sally B, jirgin bama-bamai na Amurka ƙirar B-17 ɗaya tilo da ke tashi a Turai. Akwai kuma Bristol Blenheim, wanda shi kaɗai ne irinsa da ke tashi a duniya. Hancin wannan Blenheim, bayan yaƙi wani ma'aikacin kamfanin Bristol ya saye shi ya mayar da shi ƙaramar mota mai aiki da batir yana yawo da ita, daga baya masu gyara suka karɓa suka mayar da shi mazauninsa.

Blenheim ma namu ne ta wata fuska. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta zama da haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, a tuƙa su zuwa Masar. Hanyar ta bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Alƙahira, fiye da mil 3,500. Gwamnan Chadi Félix Éboué ne ya buɗe tsakiyar hanyar da ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agustan 1940, wata guda bayan haka ayarin farko ya tashi. Yadda ake yi, Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, Hurricane biyar ko shida suna binsa kamar kaza da 'yan tsaki. Dubban jirage suka sha mai a Kano da Maiduguri a waɗannan shekaru. Kakanninmu sun ji wannan ƙara a samansu. A Duxford, idan ka dace, za ka ji ta da kunnenka.

Nan ne nake son mai zaɓe ya tsaya ya yi tunani, domin wuraren biyu sun ba da amsa daban ga tambaya guda: mene ne gyaran tsohon jirgi? Ƙarfen da ya yi shekara 46 cikin yashi mai gishiri ba zai ɗauki mutum sama ba. Saboda haka yawancin abin da ke jikin N3200 a yau sabo ne, an ƙera shi bisa zanen asali da awon asali. Wasu masana suna cewa irin wannan sabon jirgi ne da tsohon suna. Halifax na Hendon kuwa kowace ƙusa a jikinsa ta je Norway a 1942, amma ba zai ƙara motsawa ba. Ni na daina ganin ɗaya ya fi ɗaya gaskiya. Halifax yana nuna maka abin da yaƙi ya yi wa jirgi da mutanen cikinsa. N3200 yana nuna maka abin da matuƙin ya ji a hannunsa da abin da mutanen ƙasa suka gani. Ka tambayi zuciyarka wanne kake nema, rabin zaɓen ya ƙare.

Ba duka Duxford ne ke tashi ba. A rumfar yaƙin sararin Birtaniya akwai Messerschmitt 109 da ya faɗo a gonar Sussex a Satumban 1940, an ajiye shi kwance da lanƙwasasshiyar farfela kamar yadda aka same shi. Lokacin da na je, a babbar rumfar AirSpace akwai Lancaster da Sunderland da Mosquito, har da Concorde da ake ratsa cikinsa. Can ƙarshen fili kuma akwai gidan jiragen Amurka, ginin Norman Foster da aka buɗe a 1997, wanda aka auna girmansa da B-52 da ke tsakiyarsa. B-17 da B-24 da B-29 duk suna ciki, da SR-71 ɗaya tilo da ke wajen Amurka. A hanyar shiga an jera allunan gilashi 52, an zana hoton jirage 7,031 a kansu, kowanne jirgin Amurka ne da ya tashi daga Birtaniya bai dawo ba. A cikin ginin ka nemi C-47, wanda Turawan Ingila ke kira Dakota. Sojojinmu na runduna ta 81 da suka yi yaƙin Bama a kwarin Kaladan, abincinsu da harsashinsu irin wannan jirgi ne ke jefo musu daga sama. Duk gidan da ke da kaka tsohon sojan Bama, wannan hoton na gidan ne.

Wajen haske Duxford ya fi sauƙi a ciki, ya fi wuya a waje. Gidan jiragen Amurka yana da katafaren bangon gilashi mai kallon fili. Idan ka fuskance shi jiragen za su fito baƙi ƙirin kamar inuwa, wanda shi ma wani lokaci hoto ne mai kyau. Idan launi kake so, ka ba gilashin baya. A waje kuwa masu kallo suna arewacin titin jirgi suna duban kudu, wato rana tana cikin idonka mafi yawan yini. Da hantsi da tsakar rana jirgin da ke sama zai fito duhu a kan farin sarari, sai ka ƙara wa kyamara haske da kanka kamar mataki ɗaya. Da la'asar rana ta karkata yamma, haske ya fara zuba a gefen jiragen, lokacin ne ake samun na kirki. Don haka ka ci rumfuna da safe, ka ajiye la'asar don bakin shinge.

Sai maganar farfela, inda kusan kowa ke yin kuskure da farko. Idan ka bar kyamara ta ƙifta da sauri, kamar 1/2000 na daƙiƙa, farfela za ta tsaya cik a hoton, jirgin ya zama kamar abin wasan yara da aka rataye da zare. Sai ka sauko zuwa 1/250 ko 1/320, in hannunka ya saba har 1/125, ka riƙa bin jirgin da kyamara kana juya ƙugu, kada ka tsaya ko bayan ka danna. Hotuna da yawa za su lalace. Wanda ya fito kuwa, jirgin tsaf, farfela ta zama da'ira mai hazo, ciyawar baya ta ja layi, shi ne wanda za ka wanke ka rataya. Wannan aiki yana son dogon gilashi, milimita 300 ko 400. Waya ba za ta iya ba, ɗigo kawai za ta ba ka a sararin sama. Wanda ba shi da dogon gilashi ya sani cewa rabin ribar Duxford ta fuskar hoto za ta wuce shi, ko da yake ido da kunne za su ƙoshi.

Mutane da yawa suna ɗauka ranar bikin nunin jirage ita ce ranar zuwa. Tabbas a ranar za ka ga abin da ba a gani kullum, wani lokaci Spitfire fiye da goma a jere a sama. Amma tikiti ya fi tsada, sai an saya tun da wuri, hanya tana cushewa, kuma bakin shinge sai wanda ya yi sammako da kujerarsa. Ga mai zuwan farko na fi son ranar da ba biki, tsakanin Mayu da Satumba, ranar da hasashen yanayi ya nuna sarari garau. Babu wanda zai yi maka alkawarin abin da zai tashi a irin wannan rana, amma da wuya a yi yinin rani mai kyau ba a tayar da wani abu ba, ko gwajin inji, ko Spitfire mai kujera biyu da ya ɗauki fasinja, ko tsohon Dragon Rapide da ke zagayawa da masu yawon buɗe ido. Kuma rumfunan naka ne kai kaɗai.

Lokacin shekara yana iya juya duk wannan lissafi. Daga Nuwamba zuwa Maris jirage masu tashi suna cikin rumfa an kwance su ana duba su, a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kuma Duxford fili ne fetal mai tsawon kusan mil guda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, iska tana kaɗawa babu abin da ke tare ta. Wanda ya saba da sanyin hunturun Kano kada ya ɗauka ya san wannan. A irin wannan lokaci Hendon ya fi, nesa ba kusa ba. Haka idan kana tare da ƙananan yara ko iyaye da suka zo ziyara daga gida. A Hendon in yaro ya gaji bayan awa biyu sai ku tafi, ba ku yi asarar ko kwabo ba, wata Asabar ku dawo. Abincin halal ma yana da sauƙin samu a unguwannin da ke kewaye, ga masallacin Hendon ba nisa. A Duxford ka tafi da guzurinka da dardumarka, in kuma ta Cambridge za ka dawo, babban masallacin da aka buɗe a Mill Road a 2019 ya isa a tsaya a yi salla a ga ginin.

Ƙanena ya kira ni cikin watan Mayu ne, kuma kyamarar da ya saya ta zo da gilashi biyu, ɗaya ya kai milimita 300. Na ce masa ya tafi Duxford. Ya kama jirgin ƙasan farko da zai kai shi ƙofa kafin ƙarfe goma, ya fara da gidan jiragen Amurka tun ƙafarsa da ƙarfi, ya dawo yana bin rumfuna ɗaya-ɗaya, ya tambayi masu aikin sa-kai ko akwai abin da ake shirin tayarwa, sannan daga ƙarfe uku ya kafa kansa a bakin shinge kusa da hasumiya. Hendon kuwa na ce ya bar shi sai bayan jarrabawa, ranar da aka tashi da ruwa, mu je tare in nuna masa jirgin Nizam, ya ɗauki hotonsa ya aika wa Baba a Kano.